Mataki na Uku

Asabar, 4 ga Maris

Na kwashe yadudduka daga kan teburin yanka, na shimfiɗa taswira, aka zauna wasanmu na Asabar. Ni ce mai jan labari, ni ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa. Su kuma kowa da jaruminsa a takarda, dayis, ɗan ƙwallon jefawa mai fuska ashirin, kowace da lambarta, shi ne alƙali. Makaniki yana da maharbi, Ticha tana da matsafiya, ƙanena Auta yana da mai gatari.

Yau 'yan fashin gada suka gamu da su. Auta bai bar ko ɗaya da rai ba. Ya tsaya yana bayyana mana yadda gatarin ya shiga ta kafaɗa ya fita ta haƙarƙari, har Ticha ta ture kofin shayinta gefe.

Da aka tashi ya tambayi maki. Dokar ita ce kisa ke kawo maki, maki ya cika a hau mataki, jarumi ya ƙara ƙarfi. Na ce da saura. Tun bara suna mataki na uku. Makaniki ya ce ko motar da ke garejinsa ba tayoyi ta fi su sauri.

Talata, 7 ga Maris

Ina rage musu maki. A nan dai zan iya faɗa.

Labarin da na tsara a mataki na goma yake ƙarewa. Tun da aka sallamo Auta daga soja da hannun dama a shanye, ba abin da ke fito da shi daga ɗaki sai wannan wasa. Ranar Asabar kaɗai yake wanka ba sai na yi magana ba. In labarin ya ƙare, me zai fito da shi? Tsoro nake ji, shi ke nan.

Asabar, 11 ga Maris

Na yi dabara, ta kife da ni. Na kai su wani gari a bakin kogi inda ba dodo ba ɗan fashi, sai ciniki da hira, don kada a sami abin kashewa. Na ƙirƙiro musu tsoho mai kwalekwale, na ba shi tari da barkwanci, ya ƙetare da su kyauta.

Suna taka tudu Auta ya tambaye ni maki nawa ne tsohon. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya jefa dayis da hagu, ashirin ta fito.

"Faɗi yadda ya mutu, Yaya. Aikinki ne."

Na faɗa. Da bakina na tsaga kan tsohon da na yi mako ina ginawa, na jefa shi a ruwa. Daga nan mai gatari ya bi gari gida gida, ya banka wa rumfunan kasuwa wuta, wanda ya fito da gudu ya sare shi. Bayan kowane sara sai Auta ya ɗago ya ce in rubuta. Raina ya ɓaci, amma wa ya kafa dokar?

Laraba, 15 ga Maris

Auta bai ci abincin rana ba. Na yayyanka masa komai ƙanana yadda na saba, ya dawo mini da kwanon a rufe.

Asabar, 18 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Ragowar mutanen garin sun ɓuya a rumbu. Makaniki ya ce maharbinsa ya tare ƙofa, ba mai wucewa. Auta ya juyo gare ni ya tambayi maki nawa ne abokin tafiya. Makaniki, da bakinsa da ba birki, ya ce wanda bai warke ba ai ba ya irin wannan cika baki. Auta ya ce wa ya ce bai warke ba. Makaniki ya ce yayarka mana, ai ita ta faɗa ranar da na ce ka zo ka riƙe mini shagon kayan gyara.

Ban taɓa gaya wa Auta an yi masa tayin aikin ba.

Ban ga tashinsa ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an fasa kwakwa. Ya sa goshi ya daki Makaniki a hanci, kujera ta karye, suka zube a kan keken ɗinki. Jini a taswira, jini a farin yadin wata mata da ke rataye. Ticha ta riƙe masa riga ta baya, ya fizge ta ta bugu da bango. Sai ya ɗauki babban almakashina. Ya caka shi a teburi, daidai tsakiyar kogin, ya tsaya yana lilo.

Ni yake kallo, ba Makaniki ba.

"A wasa mataki na uku, a gida mataki na uku. Sai yaushe, Yaya?"

Ya shige ɗaki.

Lahadi, 19 ga Maris

Hancin Makaniki ya karye. Na je dubiya da kunya kamar ƙasa ta tsage. Makaniki yana magana ta cikin auduga, wai ba shi aka daka ba, shi dai hancinsa ne ya fi kusa. Ticha na wurin, kafaɗarta a kumbure. Ta ce ita lissafi take koyarwa, ta daɗe da sanin ya kamata a ce suna mataki na shida, ta yi shiru ne don tana zaton na san abin da nake yi.

Farin yadin bai fita ba. Na wanke har yatsuna sun saɓule.

Asabar, 25 ga Maris

Ba wasa. Ramin almakashi na nan, duk yadin da na shimfiɗa sai ya kama.

Asabar, 1 ga Afrilu

Ashe Auta ya je garejin da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ya biya ta wurin Ticha ma. A bakinsu na ji.

Sun zo. Na ce kowa ya goge uku ya rubuta shida, kuma daga yau kisa ba ya kawo komai, duk babin da aka kammala a hau mataki. Ticha ta ce to ai kafin ƙarshen shekara labarin ya ƙare. Na ce na sani.

Mai gatari ya ajiye gatari ya haƙa wa tsohon kabari. Ban ce a jefa dayis ba.

Litinin, 3 ga Afrilu

Auta ya fara zuwa shagon Makaniki yau. Da kansa ya sa rigarsa, ya daɗe yana fama da hannu ɗaya. Da ya fito, maɓallin sama yana cikin ramin na biyu, wuyan rigar ya karkace. Ni tela, a gidana.

Hannuna ya tashi da kansa zai gyara masa. Na ɗauki tsinken gashi na soka a kai, kamar dama abin da zan yi ke nan.

Haka ya fita.