A Dakata da Zauren Kaka

Kawu Sale,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Yaya ƙafar taka, da sauƙi?

Makon jiya muka dawo Landan daga Faransa. Mun hau wani ɗan ƙauye a kan dutse, gidajensa sun girmi kakan kakanmu, amma har yau ana kwana a ciki. Wai ko ƙofa ba a canzawa sai hukuma ta yarda. Me suke gani a tsohon gini ne, Kawu?

Jikarka Hafsa ta tambaye ni ko muna da irinsa. Na ce akwai zauren Kaka a Zariya.

Na ji za a rushe shi a yi shaguna. Don Allah a dakata, na riga na yi mata alkawari.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

'Yarka,
Binta