Layi Ɗaya da Ya Rage da Sunanka

Zuwa ga Yayana Iro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Zulai ce. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Na san mutanen shafina ne za su karanta wannan takarda, amma da kai nake magana, su sai su yi haƙuri su saurara.

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share ofis sau biyu, na fita bakin titi na sayi gyaɗa, na dawo ban ci ba. Duk a kan manhajarka ne, wadda ungozomomin ƙauye ke aika saƙo da ita idan haihuwa ta zo da gardama, don direba ya tashi daga Lafia ya ɗauko mace. Shekara biyu ke nan da rasuwarka ina riƙe da ita, kuma shekara biyu ina kauce wa aiki guda: sabunta laburaren, wato ɓangaren manhajar da ke ɗaukar saƙo daga wayar ungozoma ya kai shi sabar, babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonnin. Kai ka zaɓe shi, yanzu ya tsufa. Sai ga masu ajiye mana sabar sun rubuto cewa daga ƙarshen watan nan ba za su ƙara karɓar saƙo daga tsohon samfuri ba. Dole ta sa na zauna.

Gaskiya, Yaya, na ji daɗin aikin da farko. Kod ɗinka, layukan umarnin nan da ka rubuta wa kwamfuta, kamar ɗakin ajiyar Inna yake, ba a zubar da komai. Sabon laburaren ya zo da dabarunsa, abin da ka rubuta a layi talatin shi a layi biyu yake yi. Na dinga gogewa ina jin kaina wata gwana. Har na iso wani layi inda ka ce waya ta jira sakan casa'in kafin ta haƙura da aika saƙo. A gefensa ka rubuta: "Kar a taɓa. Doma." Shi ke nan bayanin. Kai da bayani dama ba ku taɓa shiri ba. Takardun sabon laburaren sun ce sakan goma ya wadatar, kuma idan saƙo bai tafi ba zai sake gwadawa da kansa. Na goge layin. Na yi gwaji a ofis, inda sabis ke cike, komai ya wuce lafiya. Na saki sabon samfuri ga kowa.

Ina tuna lokacin da kake koya mini aikin nan a zauren gida, kana cewa, "Kwamfuta ba ta san ƙauye ba, Zulai, ke za ki je ki gano mata." Ni kuwa na ɗauka hujjar yawo a kan mashin kake nema. Ka fita da safe, ka dawo wando duk taɓo, Inna na faɗa kana dariya.

Ranar Laraba ta makon jiya Mama Rhoda ta sauka daga mashin a ƙofar ofis. Ka san ta, ungozomar nan ta ƙauyen da ke bayan Doma. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ta ajiye wayarta a kan teburina ta ce, "Abu naka ya mutu. Na hau suri, na ɗaga hannu, shi ya ƙi tafi." Wata mata ce jini ya ɓalle mata bayan ta haihu. Kira ba ya shiga a garinsu. Wayar ta gwada sau uku, kowane sakan goma, ta haƙura. Mama Rhoda ta ɗaure matar da zane a bayan mai mashin, ita ma ta hau ta riƙe ta, har Doma. Matar ta rayu, jaririyar ma. Da ba haka ba ban san da wane hannu zan rubuta maka wannan ba. A ranar na mayar da kowa kan tsohon samfuri, amma ka ga shi ma kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ita ce ta ba ni labarin surin. Ashe duk ƙauyen babu sabis sai a kan wani surin gara da ke bayan coci. Ashe kai ka je, ka hau, ka ɗaga waya sama kana duban agogo, kana ƙidaya tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya lallaɓa ya fita. Daga nan casa'in ɗinka ta fito. Na ji haushinka ƙwarai, Yaya. Me zai rage ka da ka ƙara layi biyu ka faɗi haka? Amma haushin kaina ya fi yawa, domin ka ce kar a taɓa, na taɓa, ban tambayi kowa ba.

Na sake aikin daga tushe, wannan karon na bar layinka yadda ka bar shi. Jiya kuma na hau mashin na tafi. Hanyar bayan Doma ta ci ruwa, sau biyu muna sauka muna turawa. Surin yana nan, sai dai damina ta zaftare kansa, ya rage tsawo. Na hau, Mama Rhoda na riƙe da gefen zanena kar in zame, matan da ke dawowa daga gona da doya a ka suna tsayawa kallo. Na ɗaga hannu na ƙidaya. Sau biyar na gwada. Sau biyu saƙon ya fita kafin casa'in, sau uku sai da ya haura ɗari. Mama Rhoda ta ce ai tun bara sai ta danna ta sake dannawa, ta ɗauka wayarta ce ta gaji.

Casa'in ɗinka ma ba ta isa yanzu. Sai an mai da ita ɗari da hamsin.

To ga abin da ya hana ni zama. Ka san yadda kwamfuta ke nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. A da idan na buɗe fayil ɗin nan sunanka ne daga sama har ƙasa, nakan buɗe shi wani lokaci ba don aiki ba. Bayan sabuntawar nan duk ya koma Zulai, Zulai, Zulai, sai wannan layi ɗaya. Ina canza lambar, sunanka zai tafi. Na san yana nan a tarihin aikin ga mai son tonowa, amma ba zan ƙara buɗewa in gan ka ba. Tun safe nake zagaye teburin nan saboda lamba biyu, alhali akwai mata uku a ƙauyen da watan haihuwarsu ya kama. Da kana nan da ka ce in daina shirme.

Na ajiye rubutun nan na je na canza. Na goge casa'in, na sa ɗari da hamsin. A gefen layin na rubuta duk abin da ka ƙi rubutawa: surin da ke bayan coci, Mama Rhoda, da cewa Iro ne ya fara hawa ya auna, duk mai son taɓa lambar nan ya je ya hau tukuna. Gobe da safe zan koma da sabon samfurin a wayata, kuma ba zan sake shi ga kowa ba sai saƙo ya fita daga kan surin sau goma a jere.

Na duba gefen layin yanzu. Sunana ne. Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye maka ba, sannan na ci gyaɗar.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya sa duk matar da saƙonta ya iso a kan lokaci ta zame maka lada mai gudana. Ni kuma Allah ya ba ni ƙafar zuwa inda ka je. Amin.

Ƙanwarka da ta taɓa abin da ka hana,
Zulai