Baba da Teburin Domino

Buckie, 9 ga Nuwamba

Yaya Alick,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Allah ya ƙara wa Morven sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya, sai ruwan sama.

An cire sunan Baba daga 'yan wasan domino na ƙungiyar tsofaffin masunta, tun Juma'ar da ta wuce. Sau uku a wata ɗaya ya ƙwanƙwasa tebur, alamar ba shi da ƙwayar da zai ajiye, alhali tana hannunsa. A na ukun tsohon abokin aikinsa Wattie Geddes ya buɗe masa ƙwayoyin a gaban kowa, ya kira shi swick.

'Ya'yanka da suka tashi a Kanada ba su san kalmar ba, amma kai ka san ta. Macuci ke nan, mai maguɗi a wasa. Muna yara mukan jefi juna da ita sau goma kafin a kira mu cin abinci, da ihu da dariya. Wattie bai ɗaga murya ba, kuma ba wanda ya yi dariya. An ce har ya ƙara da cewa shekara arba'in suna jan taru tare, bai san da ɓarawon kifi yake kwana a jirgi ba.

Yaya, Baba bai cuci kowa ba. Ranar Lahadi na zube masa ƙwayoyin a teburin kicin, ya daɗe yana kallon mai ɗigo biyar, sannan ya tambaye ni nawa ne. Ya lissafa da yatsa, ya ɓata, ya sake.

Na ce bari in je in yi wa Wattie bayani. Ya ce in na kuskura, kada in ƙara taka masa gida. Wai gara a ce shi, Dod Cowie, macuci ne da a ce kansa ya tafi, don macuci ana jin haushinsa ne, ba a tausaya masa. Yanzu ko burodi ba ya fita saye.

Ka gaida Morven, da Fergus da ƙaramarmu Isla. Inna Elspet tana gaishe ku.

Likita ta rubuta a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. A asibiti sun ce wataƙila 28 ga wata, amma takardar ba ta iso ba tukuna.

Ƙanwarka,
Ishbel