Bushiyar da Ta Raba Babana da Amininsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Ku ba ni shawara don girman Allah, abin ya tsaya mini a rai na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni matar aure ce a nan Greensboro ta Amurka, ina aikin nas, yarana biyu, babbar zan kira ta Amira, tana firamare. Asalinmu 'yan Jos ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin firamare ne, kuma shi ne ya rubuta wasu ƙananan littattafan yara da aka yi yayinsu a wajenmu, labarin wata bushiya mai tsoro mai suna Jummai, nata sunan ne kawai ban canja ba. Wanda ya yi makaranta a yankinmu lokacin zai gane, bushiyar nan ce da ke kifa ɓarin ƙwarya a ka kamar hula, da ta ji motsi sai ta dunƙule, amma ƙarshen kowane labari ita ke fitar da 'yan'uwanta daga wahala.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba Baba kaɗai ya yi Jummai ba. Akwai amininsa, Baba Yohanna, Kirista ne, sana'arsa rubuta allon shaguna da zane a bayan manyan motoci. Yadda Umma ta ba mu tarihin, an kira shi ne ya rubuta allon makarantar su Baba, ranar Juma'a ce, sai ya ji Baba yana ba 'yan aji labarin bushiya kafin a tashi. Ya tsaya a taga yana saurare har fentinsa ya bushe a buroshi. Da aka tashi ya shiga ajin ya ɗauki alli ya zana ta a allo, da 'yar ƙwaryarta da komai, ƙwaryar ma shi ya ƙara, babu ita a labarin. Ranar Litinin yara suka hana a goge allon. Saboda Juma'ar nan ne aka sa mata Jummai, kuma daga nan suka ƙulla. Baba ya rubuta, shi ya zana, su kai wa wani mai ɗab'i a kasuwa, su ɗaura a keke suna bi makaranta makaranta. A hankali har gidan rediyo ya fara karantawa a shirin yara, har aka riƙa sa hoton Jummai a bangon littafin rubutu. Ni na tashi na ga Baba Yohanna a zauren gidanmu kusan kullum, da sallah shi ke riƙe wa Baba ƙafar rago, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da cincin. Uwar Jummai a littafin ma, mai ɗaurin ɗankwali a karkace, Umma ya kalla ya zana.

Ina sakandare suka ɓata. Cocin su Baba Yohanna sun roƙe shi ya yi musu ɗan littafi na karatun yara ranar Lahadi, sai ya sa Jummai a ciki, bai gaya wa Baba ba. Baba bai sani ba sai da wani ya kawo masa littafin a ƙofar masallaci a gaban mutane, ana masa magana mai zafi, wai ga inda bushiyarsa ta ƙare. Lokacin kuma garin ba ya zaune lafiya, kowa a tsorace yake da kowa. Baba ya ce an ci amanarsa, Baba Yohanna ya ce shi bai ga laifi ba, hannunsa ne ya haifi kamanninta kuma yaran coci ma yara ne. Manya sun shiga tsakani abin bai gyaru ba. Littafin ya tsaya, zumunci ya tsaya, daga baya muka ji ya bar gari. Har Baba ya rasu ban sake jin ya kira sunansa ba.

Ina nan Amurka Baba ya yi jinyar ƙarshe, ban samu zuwa ba sai bayan an yi bakwai. Babban wanmu, zan kira shi Yaya Sani, shi ya gaya mini cewa kafin Baba ya cika ya ce, kada wanda ya sake buga littattafan nan da zanen Yohanna. Umma ma tana wurin, ta tabbatar ya faɗa. Ban ɗauki abin da nauyi ba a lokacin, don wa ke maganar sake bugawa.

To, cikin kayan Baba na taho da kwafi uku da suka tsufa, bangon ɗaya ma ya cire. Amira irin yaran nan ne da za ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, na yi faɗan na yi lallashin na gaji. Wata rana ta ciro su a durowa ta ce in karanta mata. Wallahi jama'a littattafan nan su suka buɗe bakin yarinyar nan. Ta fara da kwaikwayon Jummai, in na kira ta wanka sai ta dunƙule a kujera ta ce “na ɓuya,” daga nan sai ga jimla, sai ga tambaya. Har ta kai tana tafiya da ɗaya makaranta a jaka.

A wurin aiki akwai wata da muke shif tare, zan kira ta Anti Rifkatu, ta girme ni, mun saba muna Hausa a lokacin hutu amma ban taɓa tambayar gidansu ba, na dai san 'yar Filato ce. Ranar nan motarta tana gareji na ce zan sauke ta, ta buɗe ƙofa sai ga littafin Amira a kan kujera. Ta ɗauka ta juya bangon, ta ce ina na samu wannan. Na ce ai babana ne ya rubuta. Ta dube ni ta ce, “To babana ne ya zana.” Ashe ita ce babbar 'yarsa da aka kai makarantar kwana tun ina ƙarama, shi ya sa ban san fuskarta ba. Kuma ashe tsohon yana nan da rai, a gidanta a Pleasant Garden, nan kusa da mu, ta ɗauko shi bayan matarsa ta rasu.

Asabar ɗin muka je da Amira. Na same shi a baranda a kan keken marasa lafiya, ya sha fama da shanyewar ɓarin jiki, hannun daman da ya yi duk zanen nan yanzu rawa yake. Ban gama durƙusawa ba ya ce, “Wannan wushiryar ta Malam ce.” Ya kira ni da sunan da ake kirana a gida ina yarinya, wanda ko mijina bai sani ba. Ya ce ya ji rasuwar Baba, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, ya so ya kira Umma ya ji kunya. Muka yi kuka ni da shi, Amira tana ta kallonmu. Da ta miƙa masa littafin sai ya karɓi biro da hannun hagu ya zana mata Jummai a bayan ambulan, a karkace, amma ita ce.

Tun daga ranar kusan duk ƙarshen mako muna can. Ya nuna mana ainihin zanen da ya adana a akwati, launinsu bai mutu ba. Kuma akwai labari na ƙarshe da Baba ya ba shi da baki kafin su ɓata, ba a taɓa rubuta shi ba, labarin ranar da ƙwaryar Jummai ta fashe. Shi kaɗai ya san shi a duniya, ya ba Amira, na ɗauka a waya. Ina jin maganarsa ina jin salon Baba a ciki, har inda Baba ke tsayawa ya ce “to, sai me ya faru?”

Daga nan maganar bugawa ta taso. Akwai wata mata a laburaren cikin gari da ke shirya karatun yara da harsuna daban daban, Anti Rifkatu ta nuna mata littattafan, matar ta ce ta san wani ƙaramin kamfani da zai so ya fitar da su da Hausa da Turanci. Iyaye a nan da suka ga na Amira sai tambaya suke a ina za su samu, Musulmi da Kirista duka. Ba maganar riba ba ce, kowa ya san littafin yara na Hausa a ƙasar nan ba zai sa ka yi arziki ba. Baba Yohanna da ya ji sai ya kama hannuna ya ce shi ba ya son komai, yana so dai ya ga sunansa da na Malam a bango ɗaya kafin Ubangiji ya kira shi. Likitoci kuma sun riga sun gaya wa Anti Rifkatu zuciyarsa ta yi rauni sosai.

Na kira Yaya Sani da murnata, ban san zan taɓo wuta ba. Ya ce wasiyya wasiyya ce, shi ya ji da kunnensa ni ba na nan, ina can ina neman dala, wannan kalmar ta yi mini ciwo har yau. A fahimtarsa Baba ya faɗi haka ne don a ƙarshen rayuwarsa ya daina son hoton abu mai rai, yana tsoron hisabi, in na buga na ɗora wa mamaci nauyi a kabari. Ya ce in dai yara nake so su amfana, a buga rubutun zalla ba zane, ko a samu wani ya yi ado na ganye da gidaje. Ya kuma ce in na ƙetare maganar nan ba shi ba ni, kuma zai tara dangi ya gaya musu. Yaya ba mugu ba ne, shi ya yi jinyar Baba, shi ke riƙe da Umma, ba na so a zage shi a nan.

Umma kuwa da na same ta ita kaɗai a waya ta ce ita a ganinta ba addini ba ne, fushi ne da bai huce ba. Ta ce ai da hoto yake gudu da bai ajiye kwafin nan a ƙarƙashin katifarsa ba har ya rasu, kuma ta sha kama shi yana buɗewa yana murmushi. Amma ta ce ita ma ba ta shiga zuciyarsa ba, ba za ta ce in yi ba, ba za ta ce in bari ba, in dai tuna 'ya'yanta biyu ne kawai suka rage mata kuma ba ta so ta mutu ta bar mu ba ma magana. Na tambayi wani malami a nan, ya yi mini bayani mai kyau amma ƙarshe ya ce abin ya danganta da manufar mamacin, wanda kuma shi ne abin da ba wanda ya sani. Mijina ya ce in cire hannuna, in bar tsofaffi da rigimarsu, yarinya ta ci gaba da karanta nata a gida.

Buga rubutu ba zane a wurina kamar a sake korar tsohon nan ne, yana raye yana kallo. Yin shiru kuma har ya rasu, ban san yadda zan kalli Anti Rifkatu a wurin aiki ba. In kuma na buga, ina tsoron na saɓa wa mahaifina a maganarsa ta ƙarshe, kuma in rasa wana.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne, har yanzu su Baba Yohanna ba su san da wasiyyar ba, ina ta ce musu ana shawara a gida. Zuwanmu na ƙarshe, Amira ta fita tsakar gida da jikokinsa, muka rage mu biyu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “'Yata, gaya mini gaskiya, Malam ya ambace ni kafin ya tafi?” Na ce, “Ya ambace ka, Baba.” Ya ɗaga hannun nan mai rawa ya rufe fuska yana cewa na gode wa Allah, na gode wa Allah, ashe ya yafe. Ni dai ban yi ƙarya ba, amma na san abin da ya fahimta ba shi aka faɗa ba. A hanyar dawowa sai da na faka a gefen titi don hawaye sun hana ni ganin gabana.

Asabar mai zuwa suna jiran amsata, matar laburaren ma za ta zo. Don Allah iyayena da yayyena na wannan gida, masu ilimi da masu shekaru, ku gaya mini. In gaya wa tsohon nan ainihin abin da Baba ya ce, ko in bar shi da farin cikinsa? In buga littattafan in jure fushin Yaya, ko in bi wasiyya in ba shi haƙuri da wani dalili? Wanda ya taɓa tsayawa tsakanin maganar mamaci da roƙon mai rai, yaya ya yi? Zan karanta duk abin da kuka rubuta, a taimaka a faɗa da taushi, zuciyata ba ta da ƙarfi kwanan nan. Allah ya saka da alheri.