Ƙorafin Mai Gareji Kan Kira da Lambar Aro

Daga: Mai Gareji, layin bayan tashar mota
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Sashen Koke-koke, Hukumar Kula da Sadarwa
Kwanan wata: 10 ga Mayu

Game da: Yadda aka yi shigar burtu da lambar waya aka haɗa ni da mahaifiyata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ni makaniki ne, shekara ashirin da biyu ina ƙarƙashin mota ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 6 ga Maris wata malamar kwamfuta ta kawo mini motarta gyaran birki. Na ce ta dawo jibi. Saboda dalilai na sana'a, jibin ya ɗan yi tsawo. Da kiranta ya yi yawa sai na ajiye lambarta da sunan “Kar Ka Ɗauka”, na kuma bi wannan umarni sau da ƙafa.

2. Ranar 17 ga Afrilu da hantsi sunan maiɗakina ya fito a wayata. Ban jira sallama ba na ce ta shirya yara, ga ni nan tafe da motar malama in kai su gidan gwaggonsu, tunda na'urar sanyinta ta fi ta kowa. Sai muryar malamar ta gaishe ni, ta tambayi lafiyar gwaggo. Ashe a allon garejina ta kwashi lambar maiɗakin nawa, wadda na rubuta a ƙarƙashin tawa.

3. Washegari na kai ƙara kamfanin layina. Ma'aikaciyar ta bayyana mini cewa lambar da ke fitowa tamkar adireshin bayan ambulan ce: mai aikowa ke rubutawa, su kuwa miƙawa kawai suke yi. Wai akwai manhajar kira ta intanet da mutum zai sa lambar da ya ga dama, wayata kuma ta duba sunayen da na ajiye ta liƙa wanda ya dace. Tana bayani tana danne dariya, abin da nake so a rubuta.

4. Ranar 24 ga Afrilu lambata da kanta ta kira ni. Ranka ya daɗe, na ɗauka, don ban san abin da zan ce da kaina ba. Malamar ce.

5. Ranar 2 ga Mayu, ina tsakiyar sauke giyar wata mota, sai ga “Inna” a fuskar waya. Na ce yau asirin malama ya tonu. Na ɗauka a gaban abokan aiki, na ce mata ta ji kunya, ta girma da wannan shiririta, kuma ko ita ta haife ni ba zan ƙara sauraronta ba. Ranka ya daɗe, ita ta haife ni. Ta kira ne ta ji ya bayana da ke ciwo.

6. Motar na mayar a ranar, a wanke, birki kamar sabo. Amma yau kwana takwas Inna ba ta amsa gaisuwata. Na je na durƙusa na yi mata bayanin ambulan, ta ce da ƙanwata ta gaya wa baƙon nan ya gyara takalminsa daga bakin ƙofa.

Don haka ina roƙon ofishinka ya tilasta wa kamfanoni tantance lamba kafin su miƙa kira. Malamar kuwa ba na neman a hukunta ta. Tsoron abin da za ta ƙara yi nake ji.

Babban roƙona shi ne a rubuta wa mahaifiyata takarda, a tabbatar mata cewa lamba tana iya yin ƙarya, kuma ɗanta ba da ita yake ba. Ba ta karatun boko, amma tana girmama hatimi. A taimaka a buga babba.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai Gareji