Katakon Baba Ya Zama Gado

Anti Saloma, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekararmu biyu da aure. Maigidana kafinta ne a nan Zuru, hannunsa na da kyau, amma ba abin da ake kawo masa sai bencin coci da gyaran ƙofa. Ni kuwa mai karance-karancen littattafan soyayya ce, har tuwo na sha ƙonawa saboda su. Da muka ji za a yi baje kolin kayan katako a Birnin Kebbi, ni na zuga shi. Na kwatanta masa irin gadon da nake gani a raina in ina karatu, mai doguwar fuska da zanen ganye. Ya ce sai da busasshen madaci, ga shi babu a kasuwa.

Anti, akwai madaci a rufin shagonsa. Na surukina ne. Baba ya sare itacen a gonarsa ta Dabai, ya sa aka tsaga, ya kawo wa ɗansa ajiya, ya ce ranar da ya cika, da shi za a yi masa akwatin gawa. Shekara tara yana can sama. Ni na fara ɗaga kai na kalle shi, maigidana ya bi idona.

Gadon ya yi kyau, har tsoron kyansa nake ji. Da nake goge shi na ga layin alli a bayan katako ɗaya, inda Baba ya kwanta da kansa aka auna tsawonsa. Tun ranar, in na shiga shagon sai in ga kamar yana kwance a kai, hannuwa a ƙirji. Littafi ma na kasa buɗewa.

Baba na da rai, sai dai ƙafa ta yi nauyi. Ran Lahadi bayan sujada ya tambaye ni ko gara ba ta taɓa katakonsa ba, na ce lafiyarsa ƙalau. Ya sa mini albarka. Saura mako biyu a loda gadon, maigidana ya ce in ya dawo zai nemo wani madacin ya mayar, ba mai sani. In faɗa wa Baba, ko in rufa wa mijina asiri?

Mai Zullumi, Rikoto, Zuru

Ƙanwata,

Abin da kike gani a shago ba fatalwa ba ce, zuciyarki ce ba ta yarda da abin da kuka yi ba, kuma na ji daɗin haka.

Ban ga laifin burinku ba. Kafintan da bai fitar da aikinsa an gani ba, a gyaran ƙofa zai tsufa. Amma katakon nan amana ce. Mutumin da ya zaɓi itace daga gonarsa ba kowane madaci yake so ba, don haka musanyawa a ɓoye ƙarya ce ta biyu a kan ta farko.

Kada ki je wurin Baba ke kaɗai, za ki haɗa uba da ɗa. Zaunar da maigidanki, ki fara da naki laifin, sannan ki gaya masa ba za ki ƙara yi wa tsoho ƙarya ba. Cikin makon nan ku tafi Dabai tare, da wani dattijo da Baba ke jin nauyinsa. Ɗansa ne zai yi bayani, ke ki nemi gafarar amsar da kika ba shi.

Daga nan hukunci nasa ne. In ya yarda a kai gadon, a kai don a gani kawai, kada a sayar. In ya ce a kwance gadon, a kwance shi ba gardama. Baje koli zai sake zagayowa. Zai yi fushi, ku bar shi ya yi. Gara ya yi shi yanzu da yake kuna iya durƙusawa a gabansa ya ji ku.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ku ƙarfin hali.

Anti Saloma