Gabon Zan Tafi, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonki ya iso, na ji kin ce in sabunta iƙama, takardar izinin zama a nan Jidda, in zauna. Ki yi haƙuri, na riga na ce wa kafilina, ubangidan da nake zaune a hannunsa, halas, na gama. Na karɓi aikin ungozoma a Gabon.

Ranar Juma'a a unguwar Kurayyat, Baffa Sule ya tsare ni a gaban mutane. Ya ce, "Ke Hadiza, ki bar maƙwabtaka da Harami ki shiga kurmi? Can ruwa ba ya ɗaukewa, kuma ba ki da kowa."

Na ce, "Baffa, ka taɓa zuwa?"

Ni kuwa na bincika. A kasuwar Bab Makka na haɗu da wata Hajiya haifaffiyar garin Oyem na can Gabon, jikar fatake, Hausarta tas. Ta ce gaskiya ne daji ya rufe yawancin ƙasar, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale, dare da rana tsawonsu ɗaya duk shekara, rogo da ayaba ne abincinsu. Amma akwai masallatai da unguwar Hausawa, kuma mata da yawa suna haihuwa nesa da asibiti.

Wannan ya ishe ni. Allahn da ke Jidda shi ne a kurmin, kuma ruwan sama bai taɓa ba ni tsoro ba.

Ki sa ni a addu'a, ki lallashi Inna, ki gaida Goggo. Ko kun yi fushi, kayana a ɗaure suke.

Ƙanwarki,
Hadiza